Hadari Bai San Mun Biya Kuɗin Mota Ba



Bara, kwana uku bayan Babbar Sallah, ƙungiyar ɗaliban sashenmu ta kai mu Tiga. Ba zan faɗi sunan sashen ba, waɗanda suka je sun san kansu. Kuma ba tonon silili na zo yi ba, don ni ma da hannuna na ba da kuɗina, da ƙafata na hau motar. A jikin fosta an rubuta za a tashi ƙarfe takwas na safe. Ba mu bar bakin get ba sai sha ɗaya da rabi, saboda mai abinci ba ta gama ba, mai kiɗa ya tafi neman man janareto, ga kuma 'yan kwalliya da sai da aka yi ta bin su da waya. Kwasta biyu, kowace cike maƙil. Muka ɗauki titin Zariya, muka wuce Kura, muka karya kwana ta wajen Bagauda. Ba mu sauka bakin ruwa ba sai da azahar ta gota.

Gari ya yi tsit a ranar, ko ganye ba ya motsi, ga wani zafi mai naso da ke manna wa mutum riga a baya. Aka kafa kanofi biyu, aka tayar da janareto, aka fara raba shinkafa. Can gefe wani dattijo masunci yana gyaran ragarsa. Da ya ga wasu daga cikinmu suna ciniki da mai kwale-kwale, sai ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "Samari, in da ni ne ku, la'asar ba za ta same ni a kan ruwan nan ba." Muka waiga. Wani ɗan baƙi-baƙi ne can ƙasa-ƙasa, bai kai ya ba kowa tsoro ba. Ɗaya daga cikin shugabanninmu ya ce, "Baba, mun fa biya kuɗin mota na yini guda." Aka kwashe da dariya. Har da ni.

Wajen huɗu da rabi iska ta iso. Ba ruwa ne ya fara zuwa ba, ƙura ce, ja wur, sai ga kanofi ɗaya ya tashi sama kamar takarda, ƙarfensa ya sauka a kafaɗar wata 'yar ajinmu. Robobin abinci suka watse, sifika ta kife. Amma duk ba wannan ne ya tsayar mana da numfashi ba. Mutum tara namu suna cikin kwale-kwale, sun yi nisa, babu mai rigar ceto ko ɗaya, kuma daga baya muka gane biyu ne kawai a cikinsu suka iya ruwa. Muna tsaye muna kallon jirgin yana ɓacewa yana bayyana a cikin igiyar ruwa. Wasu na salati, wasu na kuka, wani kuma, Allah Ya shirye mu, yana ɗaukar bidiyo. Allah Ya taimaka mai tuƙin gwani ne, bai yi gardama da iskar ba, ya bi ta ya fitar da su can wani gefe mai nisa, suka tako da ƙafa cikin ruwan sama. Babu wanda ya mutu. A hanyar dawowa muka tarar bishiya ta faɗi ta tare titi, ba mu shigo gari ba sai sha ɗaya na dare, wayoyin 'yan mata sai ruri suke, iyaye na nema.

Washegari a guruf ɗin WhatsApp na aji abin ya zama abin raha. An yi ta tura hoton kanofin da ya tashi. Kowa na cewa ai tsautsayi ne, hadarin ne ya zo ba zato.

Ni ban yarda ba. Shekara guda ke nan ina juya maganar, kuma abin da na tsaya a kai shi ne: ba hadari ne ya kusa kashe mutum tara ba, rasit ne. Da zarar an tara kuɗi, an ba direba, an ba mai abinci, an buga fosta, to babu sauran mai ƙarfin halin cewa a fasa. Shugaba yana tsoron a ce ya cinye kuɗin mutane. Ɗalibi yana ganin dubunnan da ya matse daga kuɗin handawut za su tafi a banza. Direba ya ce shi yininsa ya riga ya sayar. Sai kowa ya dubi gabas ya kawar da kai. Amsar da aka ba dattijon nan ita ce ainihin tsarin da muke tafiya a kai, ba ɓatan baki ba ne.

To me ya sa nake tayar da maganar yanzu? Saboda kalanda ba ta tare da mu, kuma yawancinmu ba mu lura ba.

Ku duba. A 2019 an yi Babbar Sallah ranar 11 ga Agusta. A 2021, 20 ga Yuli. A 2023, 28 ga Yuni. A 2024, 16 ga Yuni, a 2025 kuma 6 ga Yuni. Shekarar Musulunci ta gaza ta Bature da kwana goma zuwa sha ɗaya, don haka a 2026 Sallar a ƙarshen Mayu take, shekarun da ke biye kuma ta ƙara matsowa cikin Mayun. Wato yawon Sallah, lokacin da aka fi cika bakin Tiga da samari da 'yan mata, ya baro tsakiyar damina ya dawo daidai bakinta. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san bambancin. Ruwan Agusta, lokacin marka, yana iya wuni yana zuba, ya jiƙa ka, ya ɓata maka takalmi, amma sau da yawa a natse yake zuwa. Hadarin farkon damina shi ne mai kwashe rufin kwano, mai karya turakun lantarki, mai tuge darbejiya. Haka ma na ƙarshenta, hadarin kaka, wanda ke kwantar da dawa a gona. Su kuwa fitar bankwana da 'yan ajin ƙarshe ke shiryawa, ina suke faɗawa? Duk inda jarrabawa ta ƙare. In yajin aiki ko wani jinkiri ya tura semesta ƙarshen Satumba, can za a sa ranar. Ba a taɓa tambayar sama ba.

Yadda hadarin nan yake aiki ba wani sirri ba ne. A bazara ƙasa ta gasu, sannan iska mai laima ta fara shigowa daga kudu, daga teku. In rana ta take, iskar da ke ƙasa ta ɗau zafi ta yi sama da laimarta, gajimare ya yi ta hauhawa. Idan ruwa ya fara zuba daga cikinsa sai ya janyo iska mai sanyi ƙasa da ƙarfi, ta daki ƙasa ta bazu gaba. Wannan ita ce iskar da ke riga ruwa isowa, mai ƙura, wadda ta ɗauke mana kanofi. Irin wannan hadari a ƙasarmu daga gabas yake tasowa ya nufi yamma, yakan jeru ya yi layi mai tsawon gaske, kuma ya fi tashi daga la'asar zuwa dare. Yana gudu kamar mota a kan titi mai kyau. Wannan ɗan baƙin da ka hango can nesa, kafin ka gama cin shinkafarka ka ɗauki selfi ya iso kanka. Mai kwale-kwale da filafili ba zai tsere masa ba.

Sannan Tiga ba kududdufi ba ce. An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano, kuma ruwanta ya mamaye wajen murabba'in kilomita 178. Daga nan ake ba gonakin rani na Kadawa da Kura ruwa. Fili ne fetal na ruwa, babu gini babu bishiya da za ta rage wa iska ƙarfi, iya nisan da ta yi a kan ruwa iya girman igiyar da za ta tayar. Mutumin da ya saba da wankan kogi a garinsu yana iya raina ta. Masuntan wurin ba sa raina ta.

Wani zai ce ai tun kaka da kakanni ana hadari, mene ne sabo? Gaskiya ne, ana yi. Ko madatsar Bagauda da muka wuce ta gefenta, inda otal ɗin shaƙatawa na da ya zama makarantar horar da lauyoyi, ta taɓa ɓallewa a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa, tun ba a haifi ko ɗayanmu ba. Amma akwai abin da ya sauya. A 2017 mujallar kimiyya ta Nature ta buga wani bincike da aka yi da hotunan tauraron ɗan'adam na shekara 35, wanda ya nuna cewa manyan hadarurruka masu tsanani a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi. Na san Bebeji da Doguwa sun fi Sahel ɗin kore, ba sai an tuna min ba, amma sama ɗaya muke ƙarƙashinta, kuma ba ma buƙatar mujallar Turawa kafin mu ga abin da ke gabanmu. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shanye Maiduguri. A ƙarshen Mayun 2025, mako guda kafin Sallah, ruwan dare ɗaya ya share unguwanni a Mokwa ta jihar Neja, mutum fiye da 150 suka rasu, a lokacin da a lissafinmu damina ko zama ba ta gama yi ba. Dattawan da a da za su ce maka wata kaza ruwa zai sauka, wata kaza zai ɗauke, yanzu in ka tambaye su sai su ce sai dai abin da Allah Ya yi. In lissafin manomi ya rikice, ina ga na sakataren walwala da ya zaɓi rana don ta dace da ranar da alawus ke shigowa?

Abin bai tsaya a Tiga ba. Yanzu an fara yayin wuce ta. Ƙungiyoyin da ke son nuna sun fi wasu sai su ce su dajin Falgore za su, ko duwatsun Riruwai a Doguwa. A bi ta Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru, a ratsa Tudun Wada, a shiga daji. Wallahi wuri ne mai kyau, ban musa ba. Wanda bai taɓa ganin kudancin Kano da damina ba bai san jihar nan tana da irin wannan kore ba: shinkafa da masara hagu da dama, duwatsu sun yi shar, iska mai sanyi kamar ba a Kano kake ba. Can ruwa ya fi sauka, kuma yana riga na birni farawa. Wato kana iya barin Kano rana tsaka, ƙura na tashi, ka tarar can an kwana ana tafka ruwa.

Ga wani abu da ɗan birni bai cika sani ba. Kogin Kano daga tsaunukan kudu yake gangarowa, ya ratsa Falgore kafin ya zuba a Tiga. Ruwan da ya sauka a kan duwatsu can sama, a rafi zai same ka, ko da a inda kake tsaye ko ɗigo bai sauka ba. Rafin da kuka tsallaka da safe ruwa iya idon sawu, da yamma kuna dawowa ya kai ƙirji, yana tafe da itace. Ga dutse in ya jiƙe santsi gare shi kamar sabulu, mu kuwa da silifas da takalman Sallah muke hawa. Ga tsawa, wadda ta fi son wuri mai tudu da bishiyar da ta tsaya ita kaɗai, wato daidai inda ɗalibi zai ruga ya fake. Ga sabis ɗin waya da ke ɗaukewa a wurare da dama. Ban ma taɓo maganar tsaro ba, wadda kowa ya san dajin ya yi fama da ita, har sojoji suka kafa wurin atisaye a ciki. Mota ta maƙale a taɓo da magariba a cikin Falgore, da ɗalibai talatin, rabinsu mata: wane shugaban ƙungiya ne ya shirya amsar da zai ba iyaye?

Na san abin da za a ce min, don an riga an faɗa min a kafteriya. "Kai dai matsoraci ne. In kwana ya ƙare ko a kan katifa kake sai ka tafi." Haka ne, babu mai ja da wannan. Amma ku zo mu yi maganar a matsayinmu na Musulmi. A masallatan unguwanninmu, in hadari ya haɗo da magariba, liman yakan haɗa Magariba da Isha'i don kada mutane su sake fitowa cikin ruwa da duhu da taɓo. Sallah ke nan fa, wadda aka halicce mu dominta, shari'a ta yi sassauci a kan lokacinta saboda ruwan sama. To fikinik ɗin sashe wane matsayi gare shi da ba za a iya ɗaga shi ba? Tawakkali ba ya hana riƙo da sababi, wannan ko a Islamiyya an koya mana. Wanda ya ga hadari, aka kuma gargaɗe shi, ya tura 'ya'yan mutane kan ruwa, kada ya jingina wa ƙaddara abin da rowar kuɗin mota ta jawo.

Kuma kada mu ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai, na talauci ko rashin wayewa. A Amurka, ranar 19 ga Yulin 2018, wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya nutse a tafkin Table Rock da ke jihar Misuri. Mutum 31 ne a ciki, 17 suka mutu, tara daga cikinsu 'yan gida ɗaya. Hukumar yanayi ta ƙasar ta fitar da gargaɗin hadari tun kafin jirgin ya shiga ruwa. Akwai rigunan ceto a cikin jirgin, ba a sa ba. Ƙasa mai na'urori ke nan, mai rada, mai komai. An sayar da tikiti, an ga sama ba ta yi baƙi sosai ba tukuna, aka ce bari a yi sauri a dawo. Daidai lissafin da muka yi a Tiga.

Mu nan Kano ma ba mu da uzurin mantuwa. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari, tsakanin Badau da Bagwai, ɗauke da mutane da yawancinsu 'yan Islamiyya ne masu zuwa Maulidi. An ciro gawa aƙalla 29. Wannan ba hadari ne ya jawo shi ba, lodi ne ya yi yawa, kuma da rani abin ya faru. Na kawo shi ne don mu tuna abin da ruwan dam ke yi wa wanda bai iya iyo ba kuma babu rigar ceto a jikinsa, ko da sama garau take. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta wajabta sa rigar ceto, ta kuma hana tafiyar dare a kan ruwa. Mu da muke karatun difloma, masu rubuta rahoton kiyaye haɗurra a wurin aiki don a ba mu maki, mu ne muke shiga jirgi tara-tara babu ko galan ɗin da za a riƙe.

Ba cewa nake a daina fita ba. Allah Ya sani muna buƙatarta. Shekara biyu mutum yana tsakanin lakca da layin ruwa da ɗakin da babu wuta, in an ce yini guda ya je ya ga ruwa ya ci kifi, ba laifi ya yi ba. Da yawanmu ba mu da kuɗin zuwa Yankari, balle Obudu. Tiga ita ce tamu. Kuma mutanen can suna amfana: masu soya kifi, masu kwale-kwale, masu sayar da ruwa da lemo, 'yan acaɓa. Ranar da aka fasa zuwa su ma sun yi asara, kuma tasu ta fi tamu ciwo, don mu nishaɗi muka rasa, su kuwa cefane. Har kunya nake ji in na tuna muna ƙorafin shinkafarmu da ta zube, alhali a ƙauyukan da muka ratsa a daren nan akwai gidajen da iskar ta yaye wa rufi.

Abin da nake nema daga majalisar ɗalibai ƙarami ne, kuma ba ya cin ko sisi. A sa doka cewa duk ƙungiyar da za ta fitar da ɗalibai wajen gari, tun ranar da za ta fara karɓar kuɗi ta sanar da rana biyu, ta fita da ta madadi. A rubuta a jikin fosta, kowa ya biya da sanin haka. In an je wajen direba, kafin alƙalami kawai za a ba shi, da sharaɗin ana iya ɗaga tafiya sau ɗaya ba tare da kuɗin ya ƙone ba. Direbobin tasha sun san damina fiye da mu, in an yi maganar tun farko za a daidaita, wataƙila da ɗan ƙari kaɗan. Mai abinci kuma kada a ce ta ɗora tukunya sai an tabbatar a daren jajibiri. Shi ke nan an cire wa shugaba wuƙar da ke wuyansa. Zai iya cewa an ɗaga ba tare da an kira shi ɓarawo a guruf ba.

Wanda zai yanke hukuncin ɗagawar kuwa, bai kamata ya zama mai riƙe da kuɗin ba. Wannan shi ne gishirin maganar. Mutumin da ya sha wahalar tara kuɗi wata biyu, ya yi rigima da masu biya rabi-rabi, zuciyarsa ba za ta bar shi ya ga hadari ba ko da ya rufe gabas. A ba wani daban, malamin da ke rakiya ko wani ɗalibi da aka zaɓa don wannan kawai, kuma in ya ce a fito daga ruwa, an gama magana. Aikinsa ya fara tun kwana uku kafin tafiya. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen kwana uku-uku, ana karantawa a rediyo, yana kuma shafukanta na intanet, ban da hasashen damina gaba ɗaya da take fitarwa a farkon kowace shekara. Datar da muke ƙonawa a TikTok cikin minti biyar ta isa. Hasashe ba wahayi ba ne, yana kuskure, wani lokaci a ce za a yi ruwa a wuni ana rana. To sai me? An ɗaga fikinik a banza, an yi mako mai zuwa. Wannan asara ce da za a iya ɗauka.

In an isa wurin kuma, a tambayi masu wurin. Da mun saurari dattijon nan da babu abin da zan rubuta yau. Sannan akwai ɗan lissafi da kowa zai iya: in ka ga walƙiya, ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Sauti yana cin kilomita ɗaya a cikin daƙiƙa uku. In ba ka kai talatin ba ka ji ta, hadarin bai fi kilomita goma da kai ba, kuma tsawa tana iya sauka daga wannan nisan. A bar ruwa, a sauko daga dutse, a bar gindin bishiya da ƙarƙashin kanofi mai ƙafar ƙarfe, a shiga mota a rufe gilas.

Sai maganar lokaci, wadda na san ita ce za ta fi yi mana wuya, don ta shafi halinmu. Hadari ɗan yamma ne. Da mun tashi takwas ɗin da aka rubuta, da goma muna Tiga, da mun yi wasanmu mun shiga jirgi mun fito, ƙarfe uku muna hanyar gida. Lattin awa uku da rabi shi ya kai mu cikin bakin hadari. A damina, motar da ba ta tashi kafin tara ba ta kwana. Wanda bai gama kwalliya ba ya same mu a hoto.

Da son samu ne ma, da an mayar da manyan fita tsakanin Nuwamba da Janairu. Dam a cike take bayan damina, hanya ta bushe, rafuka sun ja, babu tsawa. Na yarda akwai hazo, hoto ba ya yin kyau kamar na damina, ciyawa ta fara bushewa, kuma wani lokaci jarrabawa na kan hanya. Na yarda kuma Sallah ba za ta matsa don mu ba, duk inda ta faɗo za a fita. Shi ya sa ban tsaya a kan sauya wata kawai ba, na fi nacewa a kan ranar madadi da mai ikon cewa a'a.

Akwai asarar da ba a lissafa ba a tafiyarmu ta bara. 'Yar ajinmu da ƙarfe ya daka ta yi sati uku ba ta iya ɗaga hannu, da hagu ta rubuta gwaji. Kuma aƙalla mata huɗu da na sani, iyayensu sun ce ba su ba sake fita da sunan makaranta, har ziyarar masana'antu da ke cikin manhaja sai da malami ya kira gida ya yi roƙo. Dama da ƙyar ake barin wasunsu. Dare ɗaya muka ba duk mai son hana 'ya mace fita hujjar da yake nema.

Yanzu ga shi ajinmu ya fara tara kuɗin fitar bankwana. An sa ta Asabar ɗin ƙarshe ta Satumba, an ce wannan karon har Riruwai. Na tambayi mai karɓar kuɗin ko akwai ranar madadi, ya dube ni ya ce, "Malam, kai dai ka yi tiransifa kawai." Ban yi ba tukuna. Zan kai maganar zaman majalisa mai zuwa a rubuce, kuma ina neman mutum biyu da za su mara min baya. Cikin taran nan da suka shiga jirgi, uku suna nan a ajinmu, da su zan fara.